Baba zai tafi Hajji da injin CPAP, wane batir za mu nema masa?

Wata baiwar Allah ce ta turo tambaya kan mahaifinta, shekararsa 64, an yi masa gwajin barci an tabbatar numfashinsa na ɗaukewa sosai cikin dare, yanzu yana kwana da injin CPAP, wato injin da ke tura masa iska ta hanci don numfashin kar ya ɗauke, ƙirar AirSense 10. Bana zai sauke farali, kuma dama yakan je ƙauye ya yi kwana biyu uku inda babu wutar NEPA. Tana tambaya ko su saya masa ƙaramin injin tafiya mai batir, ko kuwa ya bar injin a gida tunda ai kwanaki ne ƙalilan.

Wa alaikumus salam ƴar'uwa, Allah Ya saka miki da alheri bisa wannan kulawa, Allah Ya sa Baba ya je lafiya ya dawo lafiya. Ni aikina kenan ɓangaren ƙirji da numfashi, kuma irin wannan tambaya duk shekara sai ta zo idan aka fara haramar tafiya Saudiyya, to bari na zauna na amsa miki ita da kyau, ki yi haƙuri zai ɗan yi tsawo.

Maganar ya bar injin a gida, dan Allah ku cire ta a lissafi. CPAP baya warkar da ciwon, riƙe maƙogwaro yake a buɗe da ƙarfin iska a daren da aka sa shi, daren da ba a sa ba kuwa naman bayan maƙogwaro zai koma ya rufe hanya yadda ya saba. An gwada wannan tun 1993, mutanen da suka saba da injin aka ce su kwana dare ɗaya tak babu shi, washegari gyangyaɗi da nauyin kai suka dawo kusan kamar ba su taɓa magani ba. A 2011 kuma a birnin Zurik na Suwizalan an cire wa wasu na sati biyu, cikin ƴan kwanaki ɗaukewar numfashin ta dawo, jininsu ya hau, bugun zuciya ya ƙaru. Wanda aka ce nasa mai tsanani ne, ana nufin numfashinsa na tsayawa ko ya ragu sau 30 ko fiye a duk awa ɗaya ta barci, ki lissafa awa shida kinga sau 180 kenan a ƙalla jiki na firgita yana neman iska. Sannan ki ɗora wannan a kan dattijo mai shekara 64 da zai yi ɗawafi da sa'ayi, ya yi tafiyar jifa a ƙasa cikin rana da cunkoso. Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukumomin Saudiyya da kansu suka ce mutum 1,301 ne suka rasu. Wurin da ake buƙatar zuciya ta huta da daddare kenan fiye da ko'ina. Kuma tafiyar ma ba kwanaki ƙalilan ba ce, alhazanmu sukan yi kusan wata ko fiye tsakanin Madina da Makka.

Amma fa ki kwantar da hankalinki, mafi yawan wannan watan a masauki zai yi shi, akwai wuta ba ɗaukewa. Cajar injinsa tana karɓar wuta daga bolt 100 zuwa 240, ki duba bayanta za ki ga an rubuta, kuma soket ɗin Saudiyya irin namu ne na Najeriya mai ƙafa uku masu faɗi (in daga Nijar kuke, Maraɗi ko Damagaram, naku mai ƙafa biyu ne zagayayyu, sai ku riƙe adafta). Abin da kawai zai buƙata a otal shine doguwar wayar jona wuta mai bakuna da yawa, saboda ɗaki ɗaya mutum huɗu ko biyar kowa na son cajin waya, kuma ba lallai gadonsa ya faɗo kusa da soket ba. Dararen da ake jin tsoro ƙalilan ne: daren 8 ga Zulhijja a Mina, daren Muzdalifa wanda a fili ake kwana babu tanti babu soket, sai darare biyu ko uku na komawa Mina. Tantunan Mina akwai wuta da na'urar sanyaya wuri amma soket ɗin kaɗan ne mutane kuma da yawa, wani zai iya zare na Baba tsakar dare ya sa cajarsa ba da mugunta ba, bai san na magani ba ne. To waɗannan dararen su za mu yi wa tanadi.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki fahimta sosai, don nan ne mutane ke asarar kuɗi. Abin da zai rufa wa Baba asiri lissafin batir ne, ƙanƙantar inji zancen nauyin jaka ne kawai. Yawancin ƙananan injinan da ake tallarsu a matsayin na tafiya BA SU da batir a cikinsu. AirMini na kamfanin ResMed da ya fito 2017, nauyinsa giram 300, ya zauna a tafin hannu, amma sai an jona shi a wuta ko an sayi batir daban. Transcend Micro shima haka, Z2 na kamfanin Breas shima batirinsa daban ake sayarwa a wani gida da ake zura injin a ciki. Kinga ko kun sayi sabon inji sai kun sake sayen batir, shi kuma AirMini kaɗai da kayansa a Amurka yakan tasamma dala 1,000, ki juya shi zuwa naira ki gani. Alhali injin da ke gida yana aiki da batir sarai in an san yadda za a yi. Tun da likita Colin Sullivan ya fito da dabarar CPAP a Sidni ta Ostareliya a 1981 aikin ɗaya ne, fanka ce ke tura iskar ɗaki ta tiyo zuwa hanci da wani ƙarfi da likita ya ƙayyade, tsakanin 4 da 20, babba da ƙarami duk abin da suke yi kenan.

Ga lissafin. Ƙarfin batir ana auna shi da wat-awa, shine Wh da za ki gani a jikinsa. Injin kuma yana shan wat kaza a kowace awa. AirSense 10 idan fankar ce kawai ke aiki, ƙarfin iska wajen 10, yana shan tsakanin wat 7 zuwa 12, mu ɗauka 10, barcin awa bakwai kenan Wh 70. Batir mai Wh 95 zuwa 99 zai kai shi asuba har da ɗan saura. AirMini ya fi tsimi, wat 6 zuwa 7, irin wannan batirin zai yi masa dare ɗaya da rabi wani lokacin biyu. Idan ƙarfin iskar Baba ya kai 15 ko sama, ko kuma abin hancin da yake ɗaurawa a fuska na yoyon iska ta gefe, fankar zata ƙara gudu shan wutar ya ƙaru, sai ki ƙara kaso ɗaya cikin uku a lissafin.

Amma duk wannan lissafin ya rushe in aka bar tankin ruwa a kunne. Wancan ɗan kwanon da ake zuba wa ruwa akwai farantin ɗumama a ƙarƙashinsa, wasu kuma tiyon nasu ma mai ɗumi ne akwai waya a jikinsa, to waɗannan biyun su ke cinye wuta, daga wat 10 sai ki ga an koma 30, 40, har 60 in an ƙure su, shi yasa cajar AirSense 10 take wat 90 alhali fankar bata buƙatar ko kwatan haka. Batirin da zai kai asuba sai ya mutu cikin awa biyu ko uku, mutum ya farka ƙarfe ɗaya na dare inji a kashe ya ce an cuce shi an sayar masa da jabu, alhali batirin lafiyarsa ƙalau ruwa ya yi ta dafawa. Don haka duk daren batir, a shiga saitin injin a mayar da danshi zuwa kashe, ɗumin tiyo shima a kashe, in akwai tiyo na gargajiya marar waya a sa shi. A kuma kunna yanayin jirgi a injin, don akwai ɗan layin sadarwa a cikinsa da ke ta neman sabis yana shan wuta a banza. Ki koya wa Baba wannan da hannunsa, ko ki koya wa wanda zai raka shi, ki kuma rubuta a takarda da Hausa ko da ajami in shi ya fi karantawa ki manna a cikin murfin jakar.

Za ki ce to hanci ba zai bushe ba? Zai ɗan bushe. Ana iya barin ruwa a tankin ba tare da an kunna ɗumin ba, iskar na wucewa ta kansa tana ɗan ɗaukar laima, wannan baya cin wuta ko kaɗan. Akwai kuma ruwan gishiri na fesawa a hanci da ake samu a kemis, a fesa kafin kwanciya da bayan tashi. Su ƙananan injinan basu da tanki sam, wani ɗan faifai suke amfani da shi kusa da hanci mai kama laimar numfashin da mutum ya fitar ya mayar masa, na AirMini sunansa HumidX, ana canza shi duk kwana 30.

Sai yadda za a haɗa batirin da injin, nan ma akwai asara a ɓoye. Hanyar da kowa ya fi sani ita ce inbata: batir ya ba inbata, inbata ta mayar wutar irin ta bango, cajar injin ta sake mayar da ita bolt 24. Kamar mai guzuri ne ya canza naira zuwa dala sannan ya canza dala zuwa riyal, kowane ɗan canji sai ya ci nasa. A nan abin da ke zubewa yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, kuma inbatar ko inji baya aiki tana shan nata. Hanya mai kyau ita ce kai tsaye daga batir zuwa inji. ResMed, kamfanin da ya ƙera injin Baba, na da tasu wayar ta musamman da ke ɗaukar bolt 12 ko 24 daga batir ko soket ɗin mota ta ba injin abin da yake so. Akwai kuma batura da aka yi musamman don wannan aiki, irin Pilot-24 Lite na Medistrom mai wajen Wh 95 da Power Station II na ResMed ɗin kansu mai Wh 97, da gangan aka tsayar da su ƙasa da 100 saboda dokar jirgi da zan zo kanta. Ki kula da abu ɗaya: bakin cajar AirSense 10 daban, na AirSense 11 daban, na AirMini daban, duk da cewa dukkansu bolt 24 ne, kuma na 10 ɗin akwai wani siririn tsinke a tsakiya da injin ke gane caja da shi, in mai gyaran rediyo ya yanka waya ya haɗa muku bolt 24 kawai injin ba zai tashi ba. A faɗa wa mai sayarwa sunan injin daidai, in da hali a je da injin a gwada a gabansa.

Fawa bank na waya fa? Ana yi, amma da sharaɗi. Na farko sai wanda ke iya cajin laftof, mai bakin USB-C da ke fitar da bolt 20, wat 65 ko sama, sannan a sayi wata waya da ke ɗaga 20 ɗin zuwa 24 mai baki irin na injin. Kamfanin injin bai amince da waɗannan wayoyi a hukumance ba, wasu na aiki lafiya wasu kuma in mutum ya ja dogon numfashi fanka ta zabura sai fawa bank ɗin ya ɗauke, to wannan sai gwaji. Na biyu kar manyan lambobin mAh da ake rubutawa a jikin fawa bank su ruɗe ki. Ki ninka lambar da 3.7 ki raba da 1,000 shine Wh na gaskiya. Mai 20,000 kenan Wh 74, in aka cire abin da ke zubewa wajen ɗaga wuta da ƙyar ki samu 60, ya ishi AirMini dare ɗaya amma ga babban inji yana kan gaɓa. Mai 27,000 shine dab da 100. Waɗanda ake rubuta wa 50,000 ko 80,000 ana sayarwa da araha a bakin titi kuwa, in lambar gaskiya ce jirgi ba zai ɗauka ba, in kuma ƙarya ce Baba ne zai kwana babu iska, ko ta ina ba riba.

Dokar jirgi ga yadda take a ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA. Batirin litiyam da bai wuce Wh 100 ba ana shiga da shi a jakar hannu. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin tun kafin ranar tafiya, kuma guda biyu kacal. Sama da 160 fasinja baya tafiya da shi kwata kwata, wannan ya haɗa da akwatunan wutan nan irin EcoFlow River 2 mai Wh 256 ko Jackery mai 240, kar ma ku kai su filin jirgi za a ƙwace. Sannan batir baya shiga babbar jakar da ake aunawa a jefa ƙasan jirgi, ko ƙarami ne, dole a hannu, a rufe bakinsa da salatif ko a sa kowanne a ledarsa kar ya haɗu da makulli ko kwabbai. Kuma rubutun Wh na jikinsa ya zama ana iya karantawa, in ya goge ma'aikaci na da ikon ya hana. Tun da jirgin Air Busan ya kama da wuta a Koriya ta Kudu a Janairun 2025 kamfanoni suka ƙara tsanantawa, Emirates misali daga 1 ga Oktoba 2025 fawa bank ɗaya tak suka yarda fasinja ya riƙe kuma ba a amfani da shi a cikin jirgi. Anan ne batirin da aka yi musamman don injin magani ya fi fawa bank sauƙin wucewa, in ga takardar likita a hannu. Don haka da zarar an san kamfanin da zai kwashi alhazan jiharku, a tuntuɓe su ta hannun hukumar alhazai a ji adadin da suka yarda da shi.

Shi kansa injin a jakar hannu zai tafi, kar a kuskura a auna shi da kaya, jaka na iya yin kwana uku bata iso ba ko ta iso a fashe. A juye ruwan tankin tas a shanya kafin a ɗaga injin, ruwa in ya gangara cikin fanka shikenan an yi asara. A wajen bincike sukan ce a fito da shi daga jaka, to a sa shi cikin farar leda mai tsabta tun daga gida. Takardar likita da Turanci mai ɗauke da sunan ciwon, sunan injin da lambar ƙarfin iskarsa, kwafi biyu, ɗaya a jakar ɗaya a hoton waya. Kuma ranar gwajin lafiyar maniyyata ya faɗa musu yana amfani da CPAP kar ya ɓoye, likitocin tawaga su san da shi, sau da yawa su ne za su sa baki a ba shi shimfiɗa kusa da soket a Mina. Amfani da injin a cikin jirgi kuwa, daga Kano zuwa Jidda ko Madina wajen awa biyar ne, a zaune mutum yake, in ya ɗan yi gyangyaɗi ba wani abu ba ne, ni bana ganin sai ya wahalar da kansa. Mai doguwar tafiya irin Amurka ko Sin shi ke buƙata, kuma a nan kamfanoni da yawa na bin dokar Amurka ta a sanar da su awa 48 kafin tashi a kuma zo da batirin da zai yi ninki ɗaya da rabi na tsawon tafiyar.

To nawa za ku saya? Shawarata batir biyu masu ƙasa da Wh 100 kowanne, da wayar haɗi kai tsaye, a ci gaba da injin gida. Ɗaya na aiki ɗaya na caji ko yana ajiye. Daren 8 in ya samu soket a Mina ya yi amfani da wutar tanti ya adana baturan, da rana kafin a wuce Arfa a tabbatar duk a cike suke, daren Muzdalifa dama barcin bai fi awa uku huɗu ba batir ɗaya ya wadatar, kuma malamai sun yi bayanin rangwamen da aka yi wa masu rauni na barin Muzdalifa cikin dare, ya tambayi malaman tawagarsu. Inda ƙaramin inji ke da amfani na gaskiya shine nauyi, AirSense 10 da tankinsa ya haura kilo ɗaya, ga caja ga tiyo ga batura, dattijo ya rataya wannan daga Arfa zuwa Muzdalifa zuwa Mina ba wasa ba ne in babu mai taya shi. In akwai hali kuma Baba mai yawan tafiye tafiye ne, sayen ƙaramin ba asara ba ne. Sai dai ku san cewa AirMini baya karɓar kowane abin hanci sai nasu na ResMed da mahaɗi na musamman, saitinsa ta manhajar waya ake yi duk da akwai maɓallin kunnawa a jikinsa, ƙarar iskarsa a kusa da fuska ta fi ta babban, kuma dole likita ko ma'aikacin da ya sani ya saka masa lambobin Baba, ba a fito da shi daga kwali a ɗora a fuska haka nan. In kuma injin mutum mai ƙarfin iska biyu ne wato BiPAP, ko yana da ciwon zuciya mai kumbura ƙafa, ko ana haɗa masa da iskar oksijin, to waɗannan ƙananan basa yin wannan aikin, nasa zai ɗauka, kuma sai ya zauna da likitansa kafin ma a biya kuɗin kujera.

Abu biyu nake roƙonki ki guje musu a kasuwa. Na farko wani ɗan abu kamar toshe hanci da ake talla a intanet wai ƙaramin CPAP marar tiyo marar waya, kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba. Wallahi baya maganin komai, ƴar fankar da ke ciki bata da ƙarfin buɗe maƙogwaro, kuma babu wata hukumar magunguna da na yarda da ita da ta amince da shi a matsayin maganin wannan ciwo. Na biyu injinan gwanjo. A Yunin 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin injina saboda soson rage ƙara da ke cikinsu yana rududdugewa mutum ya shaƙa, zafi da laima kuma na ƙara saurin lalacewarsa, cikinsu har da DreamStation na farko da ƙaraminsa na tafiya DreamStation Go, waɗanda aka ƙera kafin ƙarshen Afrilun 2021. Irin waɗannan suna iya biyo kwantena su shigo mana da araha, in an kawo muku a duba ranar ƙira a ƙasansa, in babu shaidar an canza soson ku bar shi.

Zafi kuma maƙiyin batir ne da injin duka. Littafin injin ya ce a yi aiki da shi tsakanin digiri 5 da 35, batirin litiyam kuma ba a son a yi cajinsa in ya haura 45. Kar a bar jakar a rana a Arfa, kar a bar ta cikin motar da aka rufe, kar a yi caji ƙarƙashin filo ko cikin tarin kaya. In batir ya kumbura ko yana wari ko ya yi zafin da hannu baya iya riƙewa, a nisanta shi da mutane kar a sake jona shi. A Muzdalifa kar a ajiye injin a kan ƙasa tsirara zai zuƙi ƙura, a ɗora shi kan jaka ko darduma, a kuma tafi da filta biyu uku na canji don ƙanana ne basu da nauyi.

Ruwan tanki a masauki, tataccen ruwa na kemis shine asali, in babu ruwan gora ya yi na ɗan lokaci, illarsa farin gishiri da zai kwanta a ƙasan tankin wanda ruwan khal ko lemon tsami ke wankewa. Kar a zuba ruwan batir na wajen makanikai, ba ka da tabbacin ba a gauraya shi da asid ba. Zamzam a sha shi, kar a sa a tanki, ma'adinansa na da yawa. Turare, man zafi, man habbatussauda duk kar su shiga tankin, kai tsaye huhu za su. Abin hancin a wanke shi kullum da sabulu marar ƙamshi, dama mai harami baya taɓa ƙamshi, kuma murar Hajji in ta kama shi hanci ya toshe kar ya ajiye injin, ya wanke hancin da ruwan gishiri ya ga likitan tawaga.

Akwai maganar da na san Baba zai tayar da kansa, wato harami. Abin hancin na da igiyoyi da ke zagaya kai, wani kuma yana rufe hanci da baki, mu kuma a mazhabar Malikiyya namiji mai harami baya rufe kai da fuska. Hukuncin na malamai ne ku kai musu tun a wajen bita, ku je da abin a hannu su gani da idonsu, ku gaya musu likita ya ce lalura ce, aya ta 196 a Suratul Baƙara ta yi maganar marar lafiya da fidiya su za su faɗa muku ko ta hau kansa. Ta ɓangarena abin da zan ce shine akwai ƙaramin nau'i mai ƴan matasai biyu da ke zama a ƙofar hanci kawai da siririyar igiya, shi ya fi kowanne barin fuska a buɗe, in zai koma irinsa ya fara sabawa da shi tun yanzu.

In duk da haka wani dare ya zo babu wuta babu batir, dare ɗaya ba abin firgita ba ne ga yawancin masu wannan ciwo, ya kwanta ta gefe kar ya yi rigingine, ya tada kai da ƙirji da jaka, kuma kar ya sha maganin barci ko na tari mai kodin ko taramol, suna ƙara sakin maƙogwaro su kuma danne farkawar da ke ceton mutum. Washegari kar ya tuƙa mota, masu wannan ciwo in basa magani haɗarin mota a wajensu ya ninka na sauran mutane sau biyu ko fiye.

Na ƙauye ya fi sauƙi tunda babu dokar jirgi. Nan akwatin wuta mai Wh 250 zuwa 300 zai yi masa dare uku in tanki a kashe yake kuma ta bakin bolt 12 aka jona, da ƙaramin faranti na sola a cika shi da rana. Batirin sola na gida ko na mota shima ya yi da waccan wayar haɗin, sai dai irin mai ruwan asid rabinsa kawai ake ci in ana son ya daɗe, kuma in na motar da zai dawo da ita ne kar a kwana ana zuƙarsa da safe ta ƙi tashi. In dole sai inbata a nemi wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta. Janareto kuwa ina roƙonku da girman Allah a kai shi can nesa da taga da ƙofa, shi injin CPAP iskar ɗakin yake zuƙa ya tura cikin huhu, filtarsa ƙura kawai take tarewa bata tare hayaƙi, kuma gubar hayaƙin janareto bata da wari, ta sha kashe iyali guda a cikin barci. Haka ma kwana a mota da injin motar a kunne, da garwashi a ɗaki lokacin hunturu, da maganin sauro na hayaƙi kusa da inda injin ke shan iska.

Duk abin da kuka saya, a saye shi da sauran aƙalla wata guda kafin tashi. Baba ya cika batirin ya zare injin daga bango ya kwana da shi a gida, tanki a kashe kamar yadda zai yi a Mina, da asuba ku duba saura nawa, a maimaita dare na biyu ba tare da caji ba har ku ga ƙarfe nawa yake mutuwa, sannan ku auna awa nawa yake ɗauka kafin ya cika, don wasu sai sun yi awa huɗu ko biyar a wuta kuma wannan shi zai nuna muku ko soket ɗin tanti zai wadatar. In kin turo min lambar ƙarfin iskar da aka saita masa da irin abin hancin da yake sawa, zan yi miki lissafin nasa daidai.